Dunƙule ko Gutsi-Gutsi

Ofishin yana hawa na biyu, a saman wani shagon sayar da tayil, saboda haka duk wanda ya zo aiki sai ya ratsa ta cikin ƙurar siminti kafin ya kai ga matakala. Mutum tara ne ke aiki a ciki, kuma wanda ya fi kowa daɗewa shi ne wanda suke kira Tabarau, saboda kaurin gilashin da ke fuskarsa. Shekararsa goma sha shida yana rubuta manhajar kwamfuta. Ba mai yawan magana ba ne. In an tambaye shi abu sai ya cire gilashin ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya amsa, har abokan aiki suka gane cewa in gogewar ta yi tsawo, to amsar ba mai daɗi ba ce.

A shekarar nan kamfanin ya samu aiki mafi girma tun da aka kafa shi. Za su haɗa babban asibiti da ƙananan asibitoci goma sha ɗaya da ke ƙarƙashinsa, ta yadda nas ko likita, ko'ina yake, zai danna sunan majiyyaci, fayil ɗinsa ya taso masa daga babbar kwamfutar da ke babban asibitin, wadda suke kira saba. A baki abin ba wuya. Matsalar ita ce fayil ɗin majiyyaci ba takarda ɗaya ba ce. Akwai suna da shekaru, akwai jerin magunguna, akwai sakamakon gwajin jini, akwai rubutun likitoci na shekara da shekaru, sannan akwai hotunan ciki da na ƙashi. Hoton kai guda ɗaya da na'ura ta ɗauka yakan kasu yanka ɗari uku ko fiye, kowane yanka hoto ne mai zaman kansa.

Ranar Litinin da safe Manaja ya tara su a ɗakin taro. Mutum ne mai fara'a da saurin magana, agogonsa kullum yana gaba da minti goma.

Ya ce, "Malam Tabarau, an ce akwai shawarar da ke jiranka. Yi mana bayani yadda ko kakata za ta gane."

Tabarau ya tashi ya nufi allo. "Yallaɓai, hanya biyu ce. Ko dai kwamfutar ƙaramin asibiti ta kira saba sau ɗaya, ta ce a ba ni fayil ɗin wane, a turo mata shi dunƙule, da hotuna da komai. Ko kuma ta riƙa kira gutsi-gutsi: a ba ni sunansa, a ba ni magungunansa, a ba ni hoto na ɗaya, a ba ni na biyu, har su ƙare. Kamar mai tashi daga gida ne, ko ya ɗauko babbar mota ta kwashe kayan a sahu ɗaya, ko ya yi ta jigila da baro."

"Ai babbar mota ta fi."

"In titin na da kyau. In sabis ya yanke ana tsakiyar turowa, duk abin da ya iso ya zube, sai an faro daga farko."

"To baro."

"Shi kuma kowane sahu sai an je an dawo. Kira ɗari uku, jira ɗari uku. Kuma saba ɗaya ce ke amsa kowa."

Manaja ya dubi agogo. "To wanne ke nan?"

Tabarau ya cire gilashi ya fara gogewa. Wata ma'aikaciya da ke zaune a ƙarshen tebur ta yi ƙasa da kai tana murmushi. Ita ce mai gwada duk abin da aka rubuta kafin ya fita, kuma saboda ba ta da sani ba ta da sabo a wajen kama kuskure, suke kiranta Alƙaliya.

Ya ce, "Gaskiya ba ko ɗaya. Abin da ya dace shi ne a haɗa: rubutu da magunguna su zo a kira ɗaya tun da ba su da nauyi, hotuna kuma su zo kashi-kashi, sai an nema, in sabis ya yanke a ci gaba daga inda aka tsaya. Amma wannan sai an sake fasalin yadda saba ke ajiye fayil. Wata uku nake buƙata."

Manaja ya yi dariya har da dafa tebur. "Mako uku gare ka, ɗan'uwa. An riga an sa ranar buɗewa, an buga katin gayyata. Zaɓi ɗaya yanzu, wancan na ukun ma yi shi daga baya."

Tabarau ya san wannan "daga baya" ɗin, sun sha haɗuwa da shi a wurin aiki. Ya tsaya yana duban allo, amma hankalinsa ya tafi wani wuri. Ƙanwarsa, autar gidansu, nas ce a ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin, mafi nisa a cikinsu, tafiyar awa biyar a mota. In ya kira ta a waya sai ta fita bayan ɗakin magani ta hau kan wani tudun bulo kafin su ji juna. Ya san babu wata babbar mota da za ta bi wannan titin ta isa.

Ya ce, "Gutsi-gutsi."

Mako ukun ya wuce kamar kwana uku. A ofis komai ya tafi daidai, don saba ta gwaji tana ɗaki na gaba, kira ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido. Alƙaliya ta rubuta a rahotonta cewa ba a gwada da mutane da yawa a lokaci guda ba. Manaja ya karanta, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sa hannu.

Aka yi bikin buɗewa ranar Asabar, aka yanka kirtani, aka tafa. Ranar Litinin da ƙarfe takwas, asibitoci goma sha biyu suka buɗe ƙofa a lokaci guda, kowane tebur ya danna sunan majiyyacinsa na farko. Kafin takwas da rabi saba ta fara nishi. Kira dubu bisa dubu suka yi mata layi, kowanne da ɗan abin da yake nema, ita kuma tana amsa su ɗaya bayan ɗaya. A babban asibitin, inda ake ganin mutum ɗari huɗu a wuni, fayil ɗaya sai ya ci minti bakwai kafin ya gama buɗewa. Layin marasa lafiya ya fito daga zauren jira ya kai har wurin ajiye motoci.

Da hantsi aka kira Manaja da Tabarau zuwa babban asibitin. Shugabar likitoci ta tarbe su a tsaye, ba ta ko nuna musu kujera ba.

Ta ce, "Wanne ne a cikinku ya yi wannan abin?"

Manaja ya ɗan ja baya kaɗan, irin jan da ba za a ce ya nuna kowa ba. Tabarau ya ce, "Ni ne, Likita."

"Da muna da takarda, masinja yana kawo mini fayil a minti biyu. Yanzu ina zaune ina kallon wani ɗan zobe yana juyawa, majiyyaci yana kallona. Ka taɓa zama gaban mai ciwo kana ce masa ya yi haƙuri kwamfuta na tunani?"

Ya ce bai taɓa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya samu bakin kare zaɓinsa, don a ranar Auta ta turo masa saƙo cewa a wurinsu yana buɗewa, a hankali dai amma yana buɗewa. Sai dai kwana huɗu bayan haka Alƙaliya ta zo teburinsa da takarda biyu a hannu, ta ajiye a gabansa. Fayil ɗin wata tsohuwa ce mai ciwon zuciya. Wani nas ya buɗe shi daidai lokacin da likita ke canza mata magani a wani ɗaki. Guntun da ke ɗauke da jerin magunguna ya iso kafin canjin, guntun rubutun likita ya iso bayan canjin. Sama na cewa a ba ta, ƙasa na cewa an dakatar. Allah ya sa nas ɗin mai karatu ne har ƙarshe.

Tabarau ya daɗe yana duban takardun. Ya ce, "Wannan ana iya gyara shi. A sa wa kowane guntu lamba..."

Ta ce, "Na sani. Kwana nawa?"

"Goma."

"Manaja ya riga ya gani. Shi ma Shugabar ta kira shi."

Da azahar umarni ya sauko: a koma dunƙule, a rufe ƙananan kiran gaba ɗaya don kada su sake shaƙe saba. Tabarau ya shiga ofishin Manaja ya ce masa ƙananan asibitoci ba za su iya ɗauka ba. Manaja bai yi faɗa ba. Ya zuba masa shayi da hannunsa, ya ce, "Na ji ka, wallahi na ji ka. Amma dubi nan. Babban asibiti mutum ɗari huɗu a rana. Na ƙanwarka nawa? Talatin? Su ne ke da bakin da ake ji a sama, mu kuma in suka kore mu, ba dunƙule ba gutsi. Ka yi wannan tukuna, mu samu numfashi."

Ya yi. Da hannunsa ya rufe ƙofofin da ya gina, ya buɗe guda ɗaya babba. A babban asibitin, inda waya ce ke haɗa kowace kwamfuta da saba, fayil ya koma buɗewa cikin daƙiƙa shida. Layi ya koma cikin zaure. Har wasiƙar yabo aka aiko, Manaja ya sa aka yi mata firam aka rataye kusa da firij.

Mako biyu bai ji daga Auta ba. Ran nan da yamma yana hanyar gida ta kira, yana jin iska tana kaɗa wayar, ya san tana kan bulon nan.

"Yaya, ina wuni. Ya su Anti da yara?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Yaya, abin nan naku fa ya daina buɗewa."

"Gaba ɗaya?"

"In mutum ba shi da hoto yana buɗewa. In yana da hoto sai layin nan mai nuna kashi nawa ya iso ya yi ta tafiya, ya kai sittin, ya kai saba'in, sai ya koma sifili. Jiya tun safe na danna na wani, har na tashi bai zo ba. Ko maganin da yake sha ban iya gani ba, alhali na da ɗin yana nuna mini wannan tun kafin hotunan su iso."



Ta ce, "Ba ƙorafi nake ba. Amma ranar Alhamis likitan ƙwaƙwalwa zai zo, sau ɗaya yake zuwa a wata. Akwai wani magini da ya faɗo daga kan gini wata biyu da suka wuce. Kwanan baya an kai shi babban asibiti an ɗauki hoton kansa, aka ce ya dawo gida, likita zai duba in ya zo nan. Yanzu ciwon kan ya ƙaru, ido ɗaya ya fara dishi-dishi. In hoton nan bai buɗe ba ran Alhamis, ban san me zan ce wa matarsa ba."

Ya ce zai zo.

Ya nemi hutun kwana ɗaya, ranar Alhamis ya shiga motar farko. Da ƙarfe goma sha ɗaya ya isa. Asibitin ɗaki huɗu ne da baranda, fentin ƙasan bango ya goge daidai inda mutane ke jingina. Kwamfutar tana kan wani tebur a ɗakin likita, an lulluɓe bayanta da tsohon zane saboda ƙura. A kan bencin baranda ya ga wani mutum kakkaura, hannayensa duk kanta, ya ɗaure kai da tawul, idonsa a rufe. Matarsa na zaune kusa da shi tana masa fifita da katin asibiti.

Auta ta ce mata, "Ga yayana, shi ne mai kwamfutar."

Matar ta rusuna ta gaishe shi kamar likita ne. "Sannu da zuwa, Malam. Allah ya saka da alheri, ka taso tun daga can saboda mu." Ta taɓa kafaɗar mijin. "Maigida, ga mai gyaran ya zo."

Maginin ya buɗe ido ɗaya, ya ɗaga hannu. "Sannu, Injiniya. Ashe ku ma gininku yana tsagewa." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta taɓa masa kai, ya runtse ido.

Likitan ya riga ya iso, siririn mutum ne mai furfura a gefen kunne, yana da mutum goma sha tara a jerinsa, kuma dole ya kama hanya da ƙarfe biyu don akwai wani asibitin da ke jiransa. Ya ce zai bar maginin ya zama na ƙarshe. Tabarau ya zauna gaban kwamfutar ya danna sunan. Layin ya fara tafiya. Goma, ashirin da biyu, arba'in. A hamsin da takwas ya tsaya, ya yi ɗan jim, ya koma sifili.

Ya ɗauki na'urar sabis ɗin ya ɗora a taga. Ya sake dannawa. Ya roƙi duk wanda ke asibitin ya kashe intanet ɗin wayarsa. Ya cire layin na'urar ya sa nasa, ya sa na Auta, ya sa na mai gadi. Da ya ga ba ci gaba, ya nemo doguwar wayar wuta, ya fita da na'urar bayan ɗakin magani, ya hau bulon ya ɗaga ta sama da hannu biyu, Auta tana ciki tana faɗa masa lamba ta taga.

"Saba'in da huɗu!"

Rana ta tsaya masa a ƙeya. Gumi ya cika gilashin, ba hannun gogewa.

"Tamanin da uku! Yaya, kar ka motsa!"

Bai motsa ba. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Casa'in da ɗaya!"

Ya jira lamba ta gaba, ba ta zo ba. Da ya leƙa ta tagar ya ga ta dafe tebur da hannu biyu, kanta a sunkuye, layin ya koma sifili.

Ƙarfe ɗaya da kwata ya kira Alƙaliya. Ya ce ta buɗe masa tsofaffin ƙananan kiran, na awa ɗaya kawai, na asibiti ɗaya kawai. Likitan ya ce ba duka yanka ɗari ukun yake so ba, in ya samu ashirin na tsakiya sun ishe shi. Ta ce ya ba ta minti goma. Bayan minti ashirin ta kira.

"Malam Tabarau, na buɗe, amma ba sa amsawa. Ka tuna da muka koma dunƙule ka haɗe hotunan cikin ƙunshi ɗaya don su yi sauri? Tsofaffin kiran ba su san inda za su same su ba yanzu."

Ya tuna. Shi ya yi, har yana jin daɗin daƙiƙa biyun da ya rage.

"To ki buɗe a nan, ki ɗauki hoton fuskar kwamfutar da waya ki turo mini."

"Ba ni da izinin ganin fayil ɗin majiyyaci na gaske, kai ka rubuta dokar. Na kira ɗakin hoto na babban asibiti, sun ce sai da takarda daga Shugabar, ita kuma tana tiyata."

Biyu saura kwata likitan ya ce a shigo da maginin. Ya haska idonsa da tocila, ya sa shi ya matse masa yatsu, ya sa shi ya taka daga bango zuwa bango. Mutumin ya taka yana karkata hagu. Likitan ya zauna ya yi rubutu mai tsawo.

Ya ce wa matar, "Ina zargin akwai jinin da ya taru a ciki, amma ba zan iya cewa ga girmansa ko ga inda yake ba sai na ga hoton. In za ku iya, ku kai shi babban asibiti cikin makon nan."

Ta ce, "Likita, wancan zuwan ma a kwance muka dawo da shi, amai yake tun daga tasha har gida. Ya rantse ba zai sake shiga motar nan ba. Ai cewa aka yi hoton zai biyo mu ta cikin kwamfuta."

Likitan ya dubi Tabarau, ba da fushi ba, irin kallon wanda ya saba. Ya rubuta magani, ya ce in abin ya tsananta kada su jira shi, ya ɗauki jakarsa.

A baranda matar ta sake yi wa Tabarau godiya. Ta ce ta ga yadda ya tsaya a rana, Allah ya ba da lada. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya je babban asibitin da kansa neman a kwafa masa hoton a faifai. Aka ba shi fom. Fom ɗin yana buƙatar sa hannun majiyyaci, ya aika wa Auta ta hannun direban mota, ya dawo bayan kwana biyar da dangwalen yatsa. Aka ce dangwale sai da shaida. Ya sake aikawa. Da ya dawo, mai kwafar ya tafi hutu. A tsakanin nan yana zuwa ofis tun kafin masu tayil su buɗe shago, ya yi awa biyu a kan hanya ta ukun nan kafin aikin yini ya fara, lokacin cin abinci ma a kanta yake. Matarsa ta ce ya rame, ya ce aiki ne.

Ranar da faifan ya shigo hannunsa, kwana ashirin da uku ke nan da zuwansa asibitin. Tun daga bakin ƙofar ɗakin hoto ya kira Auta.

"Na samu. Gobe zan ba direba."

Iska kawai yake ji tana kaɗa wayar.

"Auta?"

"Yaya, bar shi kawai. Shekaranjiya matarsa ta zo ta dawo da keken guragun da muka ara musu."

Ya tsaya a tsakiyar hanya, mutane suna ratsa shi ta hagu da dama. Ya ce innalillahi, ya ce Allah ya jiƙansa. Ya so ya tambaye ta ko da an ga hoton da an yi wani abu, amma ya san ba ta da amsa, kuma ba ta cancanci ya ɗora mata tambayar ba. Ya sa faifan a aljihu ya koma ofis.

Bai daina aikin ba, don bai san me zai yi da safiyarsa ba in ya daina. Bayan wata biyu ya gama. Ya kira Alƙaliya ta gwada. Ta rage ƙarfin sabis har ya koma kamar na ƙauye, ta danna. Suna da magunguna suka bayyana nan take, hotunan suka fara shigowa goma-goma. Ta fizge waya daga bango, ta ƙirga ashirin, ta mayar. Ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ta sa kwamfuta ɗari biyu na ƙarya suka kira a tare, saba ba ta ko yi tari ba. Kwana uku tana neman inda za ta kama shi, a na huɗu ta kawo rahoto shafi ɗaya.

Suka shiga wurin Manaja tare. Ya saurare su har ƙarshe, abin da bai saba yi ba. Sannan ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya miƙa musu. Kwamitin da ke kula da asibitocin ya zauna ya duba alƙaluma, ya ga cewa a wata huɗu ƙananan asibitoci ba su buɗe ko kashi biyar cikin ɗari na fayilolinsu ta kwamfuta ba. Kwamitin ya fahimci cewa ma'aikatan karkara ba su shirya wa tsarin zamani ba tukuna. An cire su daga aikin, za su koma takarda, kuma kamfani ya kwaso na'urorinsa kafin ƙarshen wata.

Tabarau ya ce, "Yallaɓai, ba ƙin buɗewa suka yi ba. Dannawa suke ba ya zuwa. Ina da lissafin kowane kira da ya yanke, zan iya nuna musu."

"Ka nuna musu cewa wata huɗu abinmu ba ya aiki?" Manaja ya shafa fuska. "Na yi magana, ka yarda da ni. Na ce a ba mu wata ɗaya. Suka ce an riga an rufe zancen, babban asibiti kuma ya ce kada a taɓa masa abin da ke tafiya lafiya. Ajiye naka a wuri mai kyau, wata rana za a neme shi. Akwai aikin wani otal da ya shigo, manhajar kama ɗaki, kai nake so ka riƙe."

Da yake Tabarau ne ya san inda kowace na'ura take, shi aka haɗa da direban kamfani su zagaya su kwaso. Kwana uku suna yi, asibitin Auta ne na ƙarshe. Sun tarar ta riga ta naɗe wayoyin ta ɗaure da roba, ta goge kwamfutar ta sa a kwali. A kan teburin yanzu wani babban littafi ne mai baƙin bango, ta ja masa layuka da biro da rula. Mutum shida na jira a baranda, saboda haka gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

Direban yana fita da kaya yana yi wa jerinsa alama. Da ya zo kan batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, Auta ta matso kusa da yayanta ta rage murya.

"Yaya, ba za a bar mana wannan ba? In wuta ta tafi da shi nake kunna fitilar ɗakin haihuwa."

Tabarau ya dubi direban. Direban ya duba takardarsa ya ce, "Yana cikin jeri, Malam. Lamba ta bakwai. In babu shi ni za a tambaya."

Tabarau ya ce zai yi wa Manaja magana. Auta ta ce to, ba komai, Allah ya kiyaye hanya, a gaida Anti. Ta koma ta zauna, ta buɗe littafin, ta kira mai bi. Batirin yana da nauyi, sai da suka kama shi su biyu kafin suka kai shi mota.